Tambaya da Amsa: Dara da 'Yan'uwanta a Afirka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce, kuma ina so in koya wa ɗalibaina dara. Wani abokin aikina Bayarabe ya ce darar tamu ita ce ayo ɗinsu, amma wani dattijo ya ce sam ba haka ba ne. Wane ne ke da gaskiya?
Wata malama daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kowannensu yana da tasa gaskiyar, domin wasanni biyu ne mabambanta muke kiransu da suna ɗaya.

Wadda abokin aikinki yake nufi ita ce darar zubi, mai gidaje 12, shida a gaban kowane ɗan wasa, da ƙwayoyi 48, huɗu-huɗu a kowane gida. Mutum zai kwashe abin da ke cikin gidansa guda, ya bi yana zubawa ɗaya-ɗaya har hannunsa ya ƙare. A tsarin da aka fi sani, idan ƙwayar ƙarshe ta faɗa gidan abokin karawa ta cika shi biyu ko uku, to an ci, kuma wanda ya tara 25 ya yi nasara. Yarbawa suna kiranta ayo, Ashantawan Gana suna cewa oware, kuma bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma sun tafi da ita har tsibiran Karibiyan, inda ake yin ta har yau. A gabashin Afirka akwai bao na Waswahili da omweso na Yuganda, masu gidaje 32 da ƙwayoyi 64. Akwai wata ƙa'ida da nake so ki jaddada wa yara: idan gidajen abokin karawarka sun zama wayam, kuma kana da halin zuba masa, dole ne ka zuba masa don wasa ya ci gaba.

Dattijon kuwa, ina kyautata zaton darar ƙasa yake nufi, wadda manya ke tona wa gurabe 30 a inuwar bishiya, layi biyar masu gida shida-shida. Wannan yana riƙe da tsinkaye 12, wancan da tsakuwoyi 12, don kada 'ya'yan su cakuɗe. Ana fara dasa su ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda kowa ya jera uku a lokacin dashe ba. Bayan an gama sai a shiga turawa gida ɗaya gaba, baya ko gefe, ban da karkace. Duk wanda ya jera uku sai ya cire ɗan abokin karawarsa guda, har a kai inda ɗayan ba zai iya jera uku ba. Gwani tun wajen dashe yake cin wasansa, domin yana neman tsarin da ɗa guda zai riƙa kaiwa da komowa tsakanin layi biyu, kowane motsi da ci. Zabarmawa a Nijar suna kiranta dili, kuma Dakarkarin ƙasar Zuru sun shahara da ita.

Shawarata ita ce ki fara wa ƙanana da ta zubi, saboda ƙirga take koyarwa, ki bar ta ƙasa ga 'yan aji biyar da shida. Ba sai kin sayi katako ba. Kwalin ƙwai da ƙwallayen dabino sun wadatar.

Tambaya: Ɗana ya ƙwallafa rai a kan dara, ni kuwa ina tsoron kada ta ja shi ga caca da zaman kashe wando. In hana shi?
Wani magidanci daga Maraɗi

Amsa: Malam, damuwarka ta uba ce, amma ban ga dalilin hana shi ba. Dara ta bambanta da lido da karta, domin babu jefa ƙwaya don neman sa'a, babu kuma abin da aka ɓoye a hannu. Komai yana fili, kuma wanda ya fi hangen nesa shi ke ci. A 2002 wasu masana kwamfuta biyu, John Romein da Henri Bal na wata jami'a a Amsterdam ta ƙasar Holan, sun lissafa duk yanayin da darar zubi za ta iya shiga, fiye da biliyan 889, suka gano cewa idan babu wanda ya yi kuskure, kunnen doki ake tashi. Ke nan duk wanda aka cinye, lissafinsa ne ya gaza a wani wuri.

Abin da ya kamata ka sa wa ido shi ne sanya kuɗi, wanda shi ke mayar da kowane wasa caca, sai kuma lokaci, kada ta ci masa salla, karatu ko aikin gida. Ka yanka masa lokaci bayan la'asar, ka san waɗanda yake zama da su, in da hali ma ka zauna ku kara.