Tsoho, dattijo da kwalbar “maganin hana tsufa”

Tambayar farko a wannan makon ta fito ne daga wata ɗaliba a Zariya. Ta ce: “Malam, ina koyon Turanci, an ba mu darasi a kan tsufa da lafiya. Na ci karo da old, elderly, senior da senile, ƙamus kuma ya ce mini duk tsoho ne. Haka ne?”

’Yata, kowacce da gurbinta, kuma Hausarki ce za ta taimaka miki ki rarrabe su. Kalmar tsoho faɗi gare ta. Mutum ya tsufa, riga ta tsufa, har wanda ya sauka daga mulki mukan ce masa tsohon gwamna ko da bai fara furfura ba. Old ce ta fi kusa da ita, sai dai a rubutun hukuma former ake cewa ga wanda ya bar muƙami. Elderly ta fi laushi, kamar mu ce wane ya manyanta. Senior kuwa babba ce, a ofis ko a shekaru. Wadda nake so ki yi hattara da ita ita ce senile, domin gigin tsufa take nufi, lokacin da hankali ya fara rauni. Kada ki kuskura ki faɗa wa dattijo ita da nufin girmamawa.

Senior da senile da senate duk tsatsonsu ɗaya, wato kalmar Latin senex, tsoho. Rumawan dā sun kira babbar majalisarsu da sunan tsofaffi, saboda haka wanda ya fara fassara ta da Majalisar Dattawa ya dace ƙwarai. Ita kanta kalmar dattijo aro muka yi daga Fulatanci, ndottiijo, ga ma alamar nan ta -jo a ƙarshe tana shaida. Amma mun ɗora mata nauyin da ya wuce ƙidayar shekaru. Dattako hali ne: cika alkawari, riƙe sirri, raba faɗa ba tare da son kai ba. Shi ya sa za ki ji an ce yaron nan dattijo ne, kuma ki ji an ce wa mai shekara saba’in tsohon banza. Elder ce kawai ke ɗan kusantar wannan ma’ana a Turanci. Game da rubutu kuma, ageing na Ingila ne, aging na Amurka. Ki riƙe ɗaya.

Tambaya ta biyu ta fi tsaya mini a rai. Wani magidanci daga Kano ya rubuto: “Malam, mahaifiyata tana fama da hawan jini. An sayar mata da wata kwalba an rubuta anti-ageing supplement, mai sayarwar ya ce maganin hana tsufa ne. Fassarar nan daidai ce?”

Ɗan’uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Fassarar ta yi wa kwalbar ƙari, kuma ƙarin mai haɗari ne. Supplement daga Latin take, daga aikatau mai ma’anar cikawa. Ciko ke nan, abin da ake ƙarawa a kan abinci in ya gaza. Magani kuwa a bakin Bahaushe shi ne abin da ya fi ƙarfin matsala ya kawar da ita. Muna cewa maganin sauro, maganin ƙishirwa, maganin biri karen Maguzawa. Duk inda ka ji kalmar, akwai abin da aka murƙushe. To idan aka ce wa tsohuwa ga magani, me zai hana ta ajiye ƙwayar hawan jinin da likita ya rubuta mata, ta rungumi wadda ta fi kyan kwali? Ni da za a ji tawa, cikon abinci ko ƙarin sinadarin abinci za a riƙa cewa.

Su kansu masu yin kayan ba su kira shi magani ba. A Amurka, inda da yawansu suke fitowa, akwai dokar 1994 da ta ba da damar sayar da irin waɗannan kaya ba tare da an gwada amfaninsu kamar yadda ake gwada magani ba. Shi ya sa za ka ga ƙaramin rubutu a gindin kwalba yana cewa ba a yi shi don gano cuta, ko jinyarta, ko warkar da ita, ko rigakafinta ba. Mai koyon Turanci ya lura da aikatan da suke zaɓa: supports, promotes, may help, wato yana tallafawa, yana ƙarfafawa, wataƙila ya taimaka. Cures, wato yana warkarwa, ita ce suke kauce wa. A nan gida ka duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Nijeriya, amma ka sani lambar ba alkawarin warkewa ba ce.

Sai anti, ɗafin Girkanci mai nufin gāba da abu. Anti-ageing na nufin yaƙi da tsufa, kamar wani abokin gāba. Mu kuwa addu’armu ita ce Allah ya ba mu tsufa mai kyau, Allah ya sa mu ga jikoki. A hadisin Usama bin Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci bayin Allah su nemi magani, domin babu cutar da Allah bai sanya mata magani ba, ban da guda ɗaya: tsufa. Wanda ya taso da wannan a kunnensa, “maganin hana tsufa” bai kamata ya zauna masa daidai ba.

Wata kalmar da za ka yawan gani ita ce collagen. Daga kolla take, gam ke nan da Girkanci. Ka san yadda romon ƙafar sa yake daskarewa in ya kwana? Shi ne. Yana cikin ganda ma. Raguwarsa a fata na daga cikin abin da ke kawo tamoji, amma in an haɗiye shi, ciki narkar da shi yake yi kamar sauran nama.

Ban ce a yi watsi da ciko gaba ɗaya ba. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata wurin awon ciki tana da amfani tabbas, haka bitamin A da ake ɗiga wa yara. Tsofaffi ma sukan rasa bitamin B12 saboda hanjinsu ya rage tsotsarsa. Amma a Finland, wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 1994 a kan maza masu shan taba kusan 29,000 ya nuna waɗanda aka ba cikon beta-carotene, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, sun fi waɗanda ba a ba su ba kamuwa da sankarar huhu. Ka ɗauki kwalbar ka kai wa likitan Hajiya, kuma kada ta daina shan maganinta kafin nan.

Wata malama daga Maraɗi kuma ta tambaya ko “da tsohuwar zuma ake magani” na nufin zuma ta fi amfani in ta daɗe, don ta ji mai talla yana kafa hujja da shi.

Malama, zuma takan jima ba ta lalace ba, daga nan aka samo hoton. Amma karin maganar a kan mutane yake. Idan al’amari ya cije, aure ya so mutuwa ko rabon gado ya rikice, sai a nemo wanda ya daɗe yana ganin irinsa. Ɗan’uwansa shi ne “abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba”. Tsohuwar zumar da ake nufi tana zaune a zaure ko a ɗakin kaka, mai tallan nan kuwa aron bakinta ya yi don ya sayar da hajarsa.