Yaya, ga dalilin da muke tambayar asalin tumatir

Yaya, kin ce a bidiyon sunan ɗiyata kin jiyo matanmu suna gardama a kan kantin da za a sayo tumatir, har kika tambaya ko tsirfar masu ƙoshi ce ta kama mu. Ban ga laifinki ba. Ni ma shekaruna na fari a jihar Kalifoniya ta Amurka, nama kaɗai nake bin diddiginsa: wa ya yanka, ya ambaci sunan Allah? Kayan miya kuwa, mai araha shi ne nawa.

Tuƙin babbar mota ne ya buɗe mini ido. Ina lodin kayan lambu a kwarin Salinas. Tun asuba, hazo bai washe ba, sai ki hango leburorin gona tsakanin kunyoyi a sunkuye, fuska naɗe da ƙyalle saboda ƙura da maganin feshi. Sitiroberi a ƙasa yake nuna, ba a tsinkarsa a tsaye. Lokacin kaka da yawan kwali ake biya, shi ya sa da gudu suke kai kwalin su dawo. Yawancinsu 'yan Meziko ne, 'yan ci-rani kamar namu, da dama daga jihar Wahaka, masu jin yaren Mistek ko Tiriki, wasu ko Sifaniyanci bai zauna a bakinsu ba.

Wata rana ina jiran layi, wani dattijo a cikinsu ya miƙo mini gurasar masara mai ɗumi. Hannunsa duk faso, ya fi na Baba a ƙarshen damina. Da 'yar Sifaniyancina na gane su takwas ne a gida mai ɗaki biyu, kuma ɗan kamashon da ya kawo su yakan yanke kuɗin mota daga ladansu. Wanda ba shi da takardun zama, wa zai kai wa ƙara? Ranar na ci gurasar nan da ƙyar.

Abin ya daɗe. Daga 1942 zuwa 1964 Amurka ta riƙa shigo da leburorin Meziko ƙarƙashin shirin Bracero. A 1965 masu tsinkar inabi a garin Delano na nan Kalifoniya suka shiga yajin aiki, 'yan Filifin ƙarƙashin Larry Itliong suka fara, 'yan Meziko da su Dolores Huerta suka mara musu baya. Abin da ya karya masu gonakin shi ne iyalai a birane sun daina sayen inabi, har aka sa hannu a yarjejeniya a 1970. Ko ƙa'idar ba ma'aikaci inuwa a lokacin zafi, sai 2005 jihar nan ta kafa ta, bayan an yi asarar rayuka.

Mu a nan ga yadda muke yi. Malaminmu yakan tuna mana hadisin biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Idan sayayyar taro ce, suna ko buɗa-baki, mukan nemi tumatir mai tambarin Fair Food, shirin da leburorin Immokalee a Fulorida suka kafa a 2011, inda manyan masu saye ke ƙara sulai kaɗan, santin dala ɗaya a kowace laba, ya tafi aljihun mai tsinka, a kuma riƙa binciken gonaki. In ba a samu ba, sai kasuwar manoma ta Asabar, wurin ƙananan manoman da su ma da leburanci suka fara. Ba ma ƙaurace wa kaya sai in ma'aikatan da kansu suka nema, don kada garin gyaran gira mu raba su da abincinsu.

Ba kowa ke bi ba. Mai haya a wuya, ga aike gida duk wata, ba a yi masa gori.

Gardamar da kika jiyo ke nan. Ɓangaren uwargidana ya yi rinjaye, aka ƙara 'yan daloli, ni aka tura na ƙetare gari na sayo, har na kusa rasa raɗin suna.