Tiyatar ƙarin mahaifa: shin likita mai neman ƙwarewa zai iya yi mini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Hoto ya nuna ina da ƙarin mahaifa (fibroid) guda biyar, kuma ban taɓa haihuwa ba. An ba ni ranar tiyata a asibitin koyarwa, amma an ce mini ɗalibai ne ke yanka mutane a can. In haƙura in biya kuɗi mai yawa a asibitin kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa, Allah ya ba ki lafiya. Waɗanda ake kira ɗaliban nan cikakkun likitoci ne, sun gama karatu da aikin horo na shekara ɗaya, sun shiga neman ƙwarewa a fannin mata da haihuwa. A Najeriya horon yana ɗaukar shekaru, ana jarrabawa mataki-mataki a ƙarƙashin kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Wanda ya kai matakin babban rajistara, wato matakin ƙarshe na horon, ya riga ya buɗe ciki sau da dama. Ɗaliban jami'a kuwa kallo suke yi.

Abin da aka saba gani a nazarce-nazarcen asibitoci shi ne aiki yakan ɗan daɗe idan mai koyo ya sa hannu. A kula kuma, asibitin koyarwa ne ake tura wa manyan ƙari masu wuyar fita, don haka ba kowane tsawon lokaci ba ne laifin mai koyo. Duk da haka lokaci yana da muhimmanci a wannan tiyata, domin babban haɗarinta zubar jini ne. Kowane ƙari da aka ɓare yana barin rami mai tsiyayar jini, sai an ɗinke shi daga ƙasa zuwa sama, hawa-hawa. Idan aka bar gurbi a ciki, jini ya taru, zazzaɓi ya biyo baya, tabon kuma ya yi rauni, wanda ke iya zama barazana ga mahaifa lokacin goyon ciki. Wannan ɗinki ne ya fi bukatar gogaggen hannu, kuma a nan muke so ƙwararren likita ya kasance tsaye a gefen gado, sanye da safar hannu, ba a ofis ana jiran a kira shi ba.

Saboda haka ki tambayi likitanki kai tsaye, ba rashin ladabi ba ne: wa zai jagoranci aikin, kuma zai tsaya har a ɗinke mahaifar? Me za su yi don rage jini? Amsa mai kyau za ta ambaci ɗaure ƙasan mahaifa da robar fitsari don tsayar da jini na ɗan lokaci, ko magunguna irin su misoprostol da tranexamic acid. An tanadi jini da ya dace da naki, aƙalla leda biyu? In jininki ya yi ƙasa saboda yawan haila, a ɗaga shi tukuna. PCV, wato gwajin yawan jini, in ya yi ƙasa da 30, dalili ne na ɗaga ranar. Ki kuma karanta takardar amincewa da kyau, domin takan ambaci cire mahaifa idan jini ya ƙi tsayawa. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma ki faɗa a fili cewa kina neman haihuwa.

Ra'ayinmu: da ƙari biyar, asibitin koyarwa mai ma'ajiyar jini da ƙwararren mai sa barci ya fi asibitin kuɗin da ba shi da su. In kin zaɓi na kuɗi, waɗannan tambayoyin dai za ki yi musu.

Kafin a sallame ki, ki nemi a rubuta miki ko an shiga cikin ramin mahaifa, wato inda jariri ke zama, da yawan ƙarin da aka cire. Da wannan takarda za a tsara miki watannin da za ki jira kafin ɗaukar ciki, da ko haihuwarki sai ta tiyata.