Ina da lupus, na kuma samu ciki: in bar shan magani?

Tambaya: Likita, daga Tahoua nake. An gano ina da lupus, cutar da garkuwar jiki ke yaƙar jikin mutum da kanta, ina shan maganin Plaquenil. Yanzu cikina wata biyu, kuma sau biyu ina ɓari a baya. Uwar mijina ta ce ɗan'uwan nivakin ne, shi ke zubar mini da ciki, in bari. Tsoro nake ji.

Amsa: Ƴar'uwa, kada ki bar shi ko na yini ɗaya. Wannan maganar kullum muna jin ta a asibiti, ta kuwa halaka cikunna da yawa. Gaskiya ne Plaquenil dangin nivakin ne, amma mata da suka cutu da nivakin, tuli suka haɗiya lokaci guda. Ƙwayar da aka rubuta miki, miligiram 200 zuwa 400 a yini, ba ta zubar da ciki, ba ta nakasa jariri. Barin ta ne ke tayar da cutar: ƙoda ta fara zubar da furotin, jini ya hau, mahaifa ta kasa ciyar da yaro. Sai mace ta koma wa jiƙe-jiƙe da rubutun sammu, a kawo mana ita ƙafafu sun kumbura suntum, idanu na gani dishi-dishi. Mai tallar magani a faranti bai taɓa auna fitsarin kowa ba, don me za ki ba shi amanar ƙodarki?

Waɗanda ake dainawa daban ne: methotrexate, CellCept da cyclophosphamide. In kina shan ɗaya, ki ga likita yau. Diclofenac da ibuprofen ma ki guje su.

Ɓarinki biyu ya fi damuna. A duba jininki ko akwai antiphospholipid, wasu sinadaran garkuwar jiki masu daskarar da jini a mahaifa. In an samu, allurar Lovenox mai hana jini daskarewa kullum da ƙaramin asfirin za a haɗa miki. Asfirin ɗin, miligiram 100, ana fara shi wajen mako na 12. A duba anti-SSA kuma, wani sinadarin garkuwar jiki da kan taɓa bugun zuciyar yaro: in akwai, a riƙa hoton zuciyar yaro daga mako na 16 zuwa 26.

Kowane awo, a auna hawan jini da fitsari. In gwajin ya gagara a Tahoua, ki nemi takardar zuwa asibitin haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai. Ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska ko raguwar motsin yaro, kada a jira gari ya waye.