Ku Tambayi Anti: Ba da kati a asibiti ma aiki ne?

Salamu alaikum Anti. Ni ɗiyarki ce daga Aboabo, nan Kumasi. Na gama sakandare bara, burina in zama nas amma sakamakon WASSCE ɗina bai kai ba. Yanzu wani ɗan kilinik a unguwarmu suna neman mai zama a tebur tana ba da kati, Mamana ta ce wannan ba aiki ba ne, zaman jiran miji ne kawai. Don Allah in karɓa ko in bari?

Wa alaikumus salam ɗiyata. Ki karɓa, amma tsaya ki ji abin da za ki tarar.

Mama tana ganin kati kawai, ba ta ga abin da ke bayan teburin ba. Ki je Gee, wato asibitin Komfo Anokye, da sassafe ki ga layin OPD, wato sashen masu ganin dokita su koma gida, kafin mutum ya ga fuskar dokita sai ya bi ta hannun masu rekod, su za su nemo foldarsa ko su buɗe masa sabuwa a kwamfuta, su duba katin inshora ko yana da rai, su nuna masa ɗakin da zai shiga. Ranar da intanet ya tsaya kuwa, sai ki ga asibiti gaba ɗaya ya rikice.

Inda kuɗin yake shi ne kilem, wato takardar neman kuɗin jinya daga inshora. Tun 2003 da aka kafa NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasa, mai kati ba ya biyan kuɗin yawancin jinya a hannu, kilinik ne zai rubuta abin da aka yi masa, cutar da lambarta, maganin da aka ba shi, a tura wa hukumar inshora ta biya daga baya. To lamba ɗaya ta kuskure, ko a ce maganin bai dace da cutar da aka rubuta ba, sai a ƙi biya, kuɗin kilinik ya bi ruwa. Yarinyar da ta iya cika kilem ba kuskure, wallahi mai kilinik ba ya wasa da ita. Don haka kada ki tsaya a miƙa kati, ki liƙe wa mai yin kilem ɗin ki koya, ki koyi Excel, hannunki ya yi sauri a kibod. Ko tsohuwa ta zo katinta ya mutu, ki karɓi wayarta ki danna mata *929# ta sabunta da momo, wato kuɗin waya, ba sai kin kore ta gida ba.

Kuma kina da abin da wasu ba su da shi, Hausa da Tonanci (wato Twi) da Turanci a baki ɗaya. Sau nawa kakanninmu na Zango suke zama shiru gaban nas don ba su gane me aka ce ba?

Amma fa bakinki. Nan ne nake jin tsoro, don a Zango kowa ya san kowa. Foldar maƙwabciyarku za ta biyo ta hannunki, za ki ga tana da ciki kafin uwar mijinta ta sani, za ki ga sakamakon gwajin wani Alhaji da kike gaisarwa kullum. Na san wata da aka sallama daga aiki saboda magana ɗaya da ta suɓuce mata a gidan suna, kafin magariba labari ya zaga unguwa. Akwai ma dokar kare bayanan mutane ta 2012, ba wasa ba ne. Ko Mama ta tambaye ki me ya kawo wance asibiti, ki ce ba ki gan ta ba.

Albashin farko ba zai yi yawa ba, kada ki sa rai, musamman a kilinik mai zaman kansa. Ki riƙa tara ɗan abin da ya samu ki koma makaranta, kwalejin lafiya ta Kintampo tana koyar da harkar rekod da bayanan lafiya, Kumasi Technical University kuma tana da kwas ɗin sakatariya. Da takarda a hannu za ki iya neman na gwamnati.

Ki gaida min Mama, ki ce mata ranar da ta zo awon jini ita ma sai ta biyo ta teburinki.