Motar da ta wuce ni, har yau tana min ciwo

Malam ka tambaya wace mota muka fi nadamar rashin saye, ni dai Peugeot 504 ce, irin wadda ake haɗawa a Kaduna a da. Ta maƙwabcinmu ce, tsohon ma'aikaci, fara sol, kujerunta ko yagewa babu, kullum da safe sai ya goge ta da tsumma. Da zai koma ƙauye ya ce in kawo abin da ya sawwaƙa, ni kuma na tsaya jiran albashi, kwana uku kacal wani direban tasha ya zo ya biya ya tafi da ita. Wallahi rannan na gan ta an danƙare ta da buhunan albasa, gilashin baya a fashe, sai da idona ya ciko da ƙwalla.