Amsa kan kalmar Turanci "run" da ma'anoninta barkatai

Malam, ka ce ka haddace cewa "run" gudu ne, sai ka ci karo da "she runs a shop", ka rasa ina mai shago za ta gudu. Ba laifin ƙwaƙwalwarka ba ne, kalmar ce ta yi faɗi. Da masu babban ƙamus na Oxford suka sake bitar ta a 2011, ma'ana 645 suka lissafa mata a matsayin aikatau kaɗai. A bugun 1989 kuwa, "set" ce ke riƙe da kambu, da ma'ana 430.

Ita waccan matar, tafiyar da shagon take yi. "The engine is running", inji na aiki. "His nose is running", majina ke zuba. "Run for governor" kuwa takarar gwamna ce. Inda ta fi ba mutane wuya shi ne in an liƙa mata ƙaramar kalma: "run out of fuel", mai ya ƙare, "run into" wani, kun yi kiciɓis.

Mu ma fa haka muke wa masu koyon Hausa. Ci tuwo, ci zaɓe, ci bashi, ci amana, ci kasuwa. Wane Bahaushe ne ya taɓa ruɗewa? Abin da ya biyo bayan "ci" ke faɗa maka ma'anar.

Shawarata, daina haddace kalma ita kaɗai, rubuta ta cikin jumlar da ka same ta. In ka buɗe ƙamus kuma, kada ka tsaya a ma'anar farko, gangara ƙasa har ka sami wadda ta dace.